Silon Hiace ɗina mai gas ya ƙi sauka, an kwance ƙusa har ƙarshe a banza

Mai Hiace na Mabera:

Assalamu alaikum. Masu sanin injin gas ku taimaka mini da shawara, don na kusa kai maƙura.

Hiace ce ta kaya gare ni, tsohon yayi, ƙirar 2002, injin 5L, ba turbo ba kwamfuta, giyar hannu. Shekara huɗu tana hannuna. Ran Lahadi nakan loda kayan masarufi in kai kasuwar Illela, sauran ranaku kuma albasa nake ɗaukowa daga wajen Wurno da Goronyo in sauke a Ramin Kura. Ita ce gonata, ita ce shagona. In ta kwana a gareji, tukunyar gidana ma ta sani.

Tun da hunturun nan ya kankama, yau kusan sati uku, silonta, wato juyin inji in tana tsaye ba a taka totur ba, ya hau ya ƙi sauka. A da in na tayar da ita bayan sallar asuba takan ɗan ɗaga murya, kafin in gama ɗaure igiyar kaya ta kwanta, tana kaɗawa a hankali har kana iya amsa waya a cikinta. Yanzu kuwa kuka take yi kamar wani ya ɗora ƙafa a kan totur ya manta. Maƙwabcina dattijo ne mai kawaici, amma shekaranjiya sai da ya leƙo ya ce mini, "Malam, wagga mota taka halan jirgi za ta koma?" Motar ba ta da agogon da ke nuna juyin inji, sai wani yaro mai wayarin ya manna farar takarda a jikin fuli ya haska da 'yar na'urarsa: juyi 1,180 a minti, da safe ke nan. Munka je Kware munka dawo ya sake aunawa, 1,050. Da rana tsaka in na yi doguwar tafiya takan ƙara sassautawa kaɗan, amma ba ta taɓa komawa inda na san ta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai giya ce. Ribas ba ta shiga sai da ƙarrr, lamba ɗaya ma haka. A cunkoson bakin kasuwa da na saki kuloci sai ta zabura, dole in riƙa tafiya ƙafa na kan kuloci, kuma na san faranti nake cinyewa. Ƙarar injin ma ta sauya, ta yi kaushi, ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana sassaƙa turmi. Ga tsadar gas, ga shi lodin albasa yakan ci awa guda inji na kunne, don batirina ba abin yarda ba ne.

Hannu uku ta bi. Na farko ya ɗaga kujera, ya kama 'yar ƙusar silo a jikin famfon injekta ya yi ta kwancewa har ta kusa faɗowa, injin ko gezau. Na biyu ya sa na sayi filtar gas da ta iska sababbi fil, ba abin da ya canza. Na uku ko duƙawa bai yi ba, ya ce a cire famfo a kai wa masu seti, ya faɗi kuɗin da ya kai ribar lodi goma.

Don a samu haske: hayaƙi bai ƙaru ba, baƙin mai na nan tsakanin layi biyu na sanda, kuma ina kashe makulli take mutuwa. AC kuwa tun kafin in saye ta ya mutu. Famfon ne da gaske, ko akwai inda ya kamata a leƙa tukuna?

Ɗan Arkilla:

Wa alaikumus salam. Maigida, iska take sha ta wani wuri. Corolla ɗina ta yi mini haka bara, ashe tiyo ne ya tsage a bayan manifol. Ka sa a fesa maganin wanke kafireto a kan tiyoyin iska inji na aiki, inda ka ji murya ta sauya to nan ɓarakar take. In ba a samu ba a wanke totur bodi, shi ke nan.

Tsohon Mai Injekta, Buzaye:

Ɗan Arkilla, Allah shi yi albarka, amma maganin fetur ka kawo wa mai gas. Kuma don Allah kada wanda ya fesa wanga abu kusa da bakin iskar injin gas yana aiki. Mai ne kake ba shi wanda makulli ba ya iya tsaidawa.

Injin fetur da iska ake riƙe shi. Akwai 'yar ƙofa a maƙogwaronsa, ka taka totur ta buɗe, ka saki ta rufe, shi ya sa in iska ta sato hanya silo ke hawa. Injin gas irin 5L yana shaƙar iska iya cikinsa ko da yaushe, abin da ke yanke masa gudu shi ne yawan man da anka watsa masa. Don haka in silon gas ya hau, tambaya guda ce: wa ke ƙara masa mai?

To ɗana mai Hiace, rabin amsa ka riga ka faɗe ta da bakinka. Ƙusar silo ba ta jan komai. Majingina ce kawai, wurin da hannun famfo ke komowa ya tsaya in ka ɗauke ƙafa. Mutum ya kwance ta har ƙarshe inji bai sauka ba, ashe hannun ba a kanta yake jingine ba, wani abu ya tare shi tun bai iso ba. Da yaron nan ya haska tocila da ya ga rata tsakanin bakin ƙusa da hannu. Gobe ka ɗaga kujera ka duba da idonka. Zura takarda a tsakani. In ta wuce salin alin, to cikin famfonka bai yi laifin komai ba tukuna, a waje za a nemi mai laifi.

Fara da wayar totur. A Hiace doguwa ce, daga ƙafarka a gaba ta bi ƙarƙashi ta komo baya wurin inji, ga lanƙwasa a hanya. Ƙurar hunturu ta gamu da tsohon giris a cikin kwasfarta sai su zama laka, ko silin wayar su fara tsinkewa suna kartar kwasfa daga ciki. Bari inji ya yi zafi, ka zare wayar daga hannun famfo, ka tura hannun baya da yatsa. In silo ya faɗi, ka kama ɓarawo guda. Waya mai lafiya tana da ɗan sako-sako, ba a ɗaure ta tam kamar tsirkiyar gurmi. Duba sifirin da ke maido da hannun, yakan saki ko tsatsa ta ci shi. Duba ƙasan totur ɗin ma, don na taɓa ciro murfin kwalba a nan bayan mai mota ya yi kwana biyu yana zargin famfo. Wasu Hiace masu gas suna da ɗan maɓalli na murɗawa kusa da sitiyari, na ɗaga silo da hannu. In taka na da shi, mayar da shi har ƙarshe, yara na son wasa da shi.

Sai maganar AC. Mutuwar AC ba ita ce mutuwar yaransa ba. A gefen famfo akwai 'yar tukunya mai roba a ciki, da siririn tiyo da ke kawo mata zuƙar iska daga ɗan famfon da ke bayan altaneta. Aikinta in an kunna AC ta jawo hannun totur kaɗan, don kada nauyin kwamfuresa ya kashe inji. In bawul ɗinta ya maƙale a buɗe, ko wani ya haɗa tiyon kai tsaye, sai ta riƙa ja dare da rana. Zare siririn tiyon ka toshe bakinsa da yatsa. Minti guda ya isa wanga gwaji.

Amma inda hankalina ya fi zuwa daban ne. A jikin famfon akwai abin da littafi ke kira ACSD, mu dai cok muke ce masa tunda aikin cok yake yi. Za ka gane shi da ƙananan tiyoyin ruwa guda biyu, ɗaya shiga ɗaya fita. A cikinsa kaki ne. Da sanyi kakin ya ƙanƙance, sai sifirin ya ja, ya yi aiki biyu a tare: ya ɗan tura hannun totur gaba, ya kuma gaggauta lokacin watsa mai don inji ya kama da wuri. Ruwan inji na yin zafi ya ratsa ta ciki, kakin ya narke ya kumbura, ya turo ɗan ƙarfe waje, cok ya saki. To in ruwan zafi ba ya isa wurin fa? Famfo yana nan yana zaton har yanzu asuba ce, ko da ka kai Illela. Ƙwas-ƙwas ɗin da kake ji ita ce ƙarar man da ake watsawa kafin lokacinsa.

Ka ce da hunturu abin ya fara, ka ce da rana tsaka yana sassautawa, ka ce murya ta yi kaushi. Ruwa ba ya tsami banza. Faɗa mini gaskiya: an taɓa cire maka tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi? An taɓa taɓa ƙananan tiyoyin ruwa? Allurar zafi a ina take tsayawa in kana tafiya? Bayan ka yi 'yar tafiya ka dafa tiyoyin nan biyu, ya kamata dukansu su ƙona maka yatsa.

In anka bi duk wannan, hannu ya jingina da ƙusarsa amma silo na sama, sannan ne za a dubi ƙusar mai da ke bayan kan famfo. Kamfani kan rufe ta da hatimi, amma direbobin lodi sukan sa a ɗaure ta wai a ƙara ƙarfi. Wadda anka yi wa haka za ka ga baƙin hayaƙi, kuma in ka ba ta wuta ka saki sai ta daɗe tana rataye kafin ta sauko. Iska a cikin layin gas kuwa ba ta riƙe silo wuri guda, hawa da sauka take sa shi. A sa farin tiyo tsakanin filta da famfo, in akwai kumfa za a gani. Gwamna da ke cikin famfo, wato abin da ke daidaita gudun inji, shi ne na ƙarshe, shi ne kaɗai ke sa a ɗora famfo a kan benci. Famfon nan Denso ne, ƙirar VE ta Bosch, na fi shekara talatin ina buɗe irinsa, kuma da wuya ka ga gwamnansa ya tashi hauka haka kawai a sati uku. Sana'ata ce seti, amma ba zan ce ka kawo mini abin da ba shi da ciwo ba.

Direban Tifa, Kalambaina:

Baba ya gama magana. Ni abu ɗaya zan ƙara, saboda na ga abin da ban so in sake gani.

Da ka ce makulli na kashe ta nan take, na ce alhamdulillahi. Shekarun baya muna zaune a wata tasha muna shan shayi, wata bas mai gas mai turbo tana silo a gefe. Direbanta ya kwana biyu yana ƙorafin silo na ɗan hawa da kansa, baƙin mai kuma na raguwa, ga shuɗin hayaƙi. Sai kawai muka ji ta ɗauki ihu. Ya ruga ya kashe makulli, ya zare shi ma gaba ɗaya yana nuna mana a hannu, ita kuwa sai ƙara hawa take. Hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai, mai shayi ya bar tukunyarsa ya arce. Wani ya cire kan batir, a banza. Ba a fi minti biyu ba muka ji ƙwaram, ƙarfe ya faso gefen inji.

Sil ɗin turbo ne ya fashe, inji ya koma shan baƙin mansa ta hanyar iska. Makulli gas kawai yake yankewa, ta ɗan bawul mai wuta da ke jikin famfo. Ba shi da iko a kan man da ya biyo iska. Wanda abin ya same shi da giyar hannu, ya ja birkin hannu, ya danne na ƙafa da ƙarfi, ya sa giya mafi girma, ya saki kuloci ta shaƙe ta mutu. Ko a toshe bakin iska da katako mai faɗi. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba, zuƙe su zai yi.

Taka ba ta da turbo, amma kada ka saki jiki gaba ɗaya. Inji marar turbo ma yakan yi haka in an cika masa baƙin mai ya wuce layi, ko ringi sun cinye yana hura tururin mai ta tiyon numfashi zuwa bakin iska. Tunda za ka ɗaga kujera, cire babban tiyon iska ka leƙa. Ɗan maiƙo ba komai, amma in ka ga mai ya kwanta kamar a kasko, kada ka tayar da ita. Masu wanke filtar iska da fetur su mayar da ita jiƙe kuma, Allah ya shirye su.

Mai Hiace na Mabera:

Baba, wallahi kamar kana wurin. A watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, ta yi mini tafasa gaba da Gwadabawa da lodi a bayana. Wani bakanike na bakin hanya ya buɗe ya ciro tamostat, ya ce wannan na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, ya wurga shi cikin ciyawa. Akwai kuma wani ƙaramin tiyo da ke ɗiga, ya yanke shi ya cusa noti a baki ya ɗaure da waya, ya ce na hita ne, wa ke kunna hita a Sakkwato. Tun ranar allurar zafi da ƙyar take ɗagawa daga ƙasa, ni kuwa har yabon mutumin nake yi a zuci. Sam ban haɗa wannan da wancan ba, wata takwas fa ke nan.

Yau da safe na bi abin da ka ce. Rata na nan tsakanin ƙusa da hannu, ba takarda ba, makullin gida ma ya shiga. Na je Dange na dawo na dafa tiyoyin: ɗaya shi ne mai notin nan, ɗayan kuwa ɗumin iskar wurin kawai ke jikinsa. Na zare siririn tiyon tukunyar AC, ba canji. Na zare wayar totur, silo ya ɗan sauka, kunne na ji, amma bai kai ba. Wayar kuma in ka ja ta da hannu tana tafiya da gargada. Babban tiyon iska a bushe yake, na gode Direban Tifa.

Mai Wayarin, Gidan Dare:

Baba ya kama taka, Maigida. Ni zan yi magana ne don masu Homa bas da za su karanta su je suna neman ƙusar da babu ita.

Injin 2KD mai lita 2.5, da babban wansa 1KD mai lita 3, ba su da wayar totur, ba su da ƙusar silo. Totur ɗin sensa ce, kwamfutar mota da muke ce wa birenbos ita ke yanke nawa za a watsa. Akwai ma Homa mai 5L-E, a ido kamar 5L ɗin Maigida, amma famfonta na wuta ne, ita ma birenbos ke juya ta. A irin waɗannan in silo ya hau, yawanci kwamfutar ce ta ɗaga shi da gangan, saboda wani ya faɗa mata ƙarya ko ya faɗa mata gaskiyar da kai ba ka sani ba. Sensar zafin ruwa in soket ɗinta ya yi tsatsa sai ta riƙa nuna sanyi inji na zafi, ciwon Maigida ke nan sak amma ta hanyar wuta. Sensar totur takan ƙi komawa sifili. Batir ya yi rauni ko altaneta ba ta caji sosai, wasu motocin sukan ɗaga silo don su cike giɓin. Wasu kuma akwai maɓallin ɗaga silo a dashbod, an danna an manta.

A sa sikana, amma ba don karanta lambar laifi kawai ba. A buɗe shafin da ke nuna abin da ke gudana inji na aiki: zafin ruwa nawa ta gani, totur kashi nawa ƙafa na ɗauke, wutar caji na tsakanin 13.5 da 14.5 ko a'a. Mafi amfani shi ne gwada silon da kwamfuta ke nema da wanda inji ke yi. In ita ce ke neman 1,000, a nemi dalilinta. In 750 take nema inji na yin 1,000, to mai na shigowa ta inda ba ta sani ba, a koma maganar Direban Tifa. Sababbin Sprinter da Transit masu matatar baƙin hayaƙi a salansa kuwa sukan ɗaga silo na ɗan lokaci in suna ƙone kunkunniyar da matatar ta tara, wannan ba ciwo ba ne. Kada a sayar muku da birenbos kafin a duba soket.

Ɗan Arkilla:

Na karɓi gyara, Baba, ban san bambancin ya kai haka ba. Amma maganar tamostat fa? A garin nan da Afrilu zafi ke haura 40, kusan kowa cirewa yake yi. Ya mayar da shi ba tafasa za ta koma yi ba?

Tsohon Mai Injekta, Buzaye:

Ɗauki tamostat ka duba jikinsa, za ka ga 82 ko 88 a rubuce. A nan yake fara buɗewa. Ranar Sakkwato duk haukanta arba'in da wani abu take yi. Inji ya kai zafin aikinsa tamostat a buɗe yake, ba ya tare ruwa. Motar da ke tafasa, ko dai tamostat ɗin ya mutu a rufe, sai a sa sabo, ko lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko fanka ba ta kamawa, ko murfin lagireto ya saki. Cire shi gyaran gangar Auzinawa ne: da bazara ka ga kamar ka yi dabara, da hunturu inji ya wuni bai yi zafi ba, yana cin gas yana cin ringi.

Ɗana mai Hiace, ɓarayinka biyu ne, waya da cok. Kana son tabbatarwa kafin ka kashe kuɗi, sa sukudireba ka juya hannun cok baya, ka cusa ƙarfe mai kaurin kusan santimita ɗaya tsakaninsa da ɗan ƙarfen da kaki ke turowa. Haka muke yi in za mu duba taimin, wato lokacin watsa mai. Silo ya faɗi, ƙwas-ƙwas ta tafi, magana ta ƙare. Da bazara zafin ƙarƙashin kujera kaɗai ke narka maka kakin, shi ya sa ba ka ji komai ba sai yanzu. Sa sabon tamostat, a wanke lagireto, a mayar da ruwa cikin cok, a sauya waya. Kuma ka tuna an kwance ƙusar silo. Mayar da ita ciki kafin inji ya yi zafi, in ba haka ba cok na saki mota za ta mutu. Seti sai inji ya yi zafi sosai, fitilu a kashe, a ajiye shi tsakanin 700 da 800, a ɗaure notin ƙusa.

Mai Hiace na Mabera:

Jama'a na dawo da labari. Ran Asabar munka yi aikin.

Na fara da gwajin ƙarfe, bakin sifana na cusa. Wallahi kamar an rufe wa yaro baki, nan take murya ta yi laushi. Na je Sahara na sayo tamostat da tiyo da wayar totur. Ban yarda da tamostat ɗin haka nan ba, na roƙi mai shayin bakin gareji ya ara mini tsohon gwangwani, munka ɗora shi a wuta, kafin ruwa ya tafasa sai ga shi yana buɗe baki a hankali. Mai shayi ya ce yau ya ga sabon ganye.

Da anka cire notin nan, hanyar ruwa ta cikin cok a toshe take da jar tsatsa, ta daskare kamar busasshiyar laka. Sai da yaron gareji ya yi ta sakace ta da waya yana hurawa kafin ruwa ya ratsa. Tsohuwar wayar totur da munka zare, sili huɗu sun tsinke daidai lanƙwasa, sun yi burtsatse kamar tsintsiya. Lagireto kuwa ruwan da ya fito daga cikinsa kunya ma ya ba ni.

Baba ka yi haƙuri, ƙusar nan mun manta da ita duk da ka ja kunne. Mun tayar, muna tsaye muna kallon ɗan ƙarfen yana fitowa kaɗan-kaɗan, wajen minti goma hannu ya koma baya, inji ya yi rawar ɗari ya mutu murus. Yaron gareji ya dafe kai, ni kuwa dariya na yi don na san dalili. Munka mayar da ƙusa, yaron wayarin ya zo da na'urarsa, munka tsaida shi a 750.

Jiya Lahadi na je Illela na dawo da cikakken lodi. Allura ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan ba ta motsa ba, ribas na shiga shiru. Da asuba takan hau wajen 950, kafin in fita Mabera ta kwanta. Saura abu ɗaya: da na goge famfo na lura gas na ɗan tsattsafowa daidai inda cok ya manne da jikinsa. Ba ɗiga yake ba, jiƙewa kawai wurin ke yi. A bar shi ko a taɓa?

Tsohon Mai Injekta, Buzaye:

Zoben roba ne ya bushe, ba sai an cire famfo ba. Amma kada ka bari yaro ya kwance cok ɗin da ka, akwai hanyar da ake mayar da shi ya zauna daidai a ciki. Wanke wurin da omo ka bar shi ya bushe, ka yi tafiyar kwana ɗaya don in ga ainihin inda yake fitowa, sannan ka kawo ta ran Talata bayan azahar. Ka taho da albasa.